Kowa Ya Karɓi Nasa, Ban da Marubuciya

Duk wanda ke cikin zauren karatu na WhatsApp ko Telegram ya san wannan saƙon, domin da wuya gari ya waye rana ta faɗi bai shigo ba: "Assalamu alaikum 'yan'uwa, don Allah mai littafin wance cikakke ya taimaka mini da shi, Allah ya ba da lada." Ba a cika minti biyar ba sai wata ta ɗora shi, tun daga shafin farko har na ƙarshe, a dunƙule wuri guda. Sai godiya ta ɓarke. "Allah ya saka da alheri." "Allah ya biya miki buƙatunki." "Allah ya kai ladan kabarin iyaye." Mutum ɗari biyu ko fiye su sauke, kowa ya gyara kwanciya ya fara karatu. Can a saman shafin farko kuwa ga gargaɗin mai littafin da manyan baƙaƙe: littafin kuɗi ne, naira 500, kuma duk wadda ta fitar mata da shi ba ta yafe ba. Ido ya tsallake wannan layin kamar yadda ƙafa ke tsallake kwata.

Addu'ar nan ita ta fi tsaya mini a rai. An ɗauki kayan wata ba da izninta ba, an yi watandarsa a bainar jama'a, sannan ana roƙa wa mai rabon lada a wurin Allah. Mun kai matsayin da ko kunyar abin ba ma ji, har sunan taimako muka raɗa masa.

Kuma muna cewa kyauta muka samu. To mu zauna mu yi lissafi. Wayar da aka karanta littafin a cikinta, saye aka yi, ɗan kasuwa ya ci ribarsa. Datar da aka sauke shi da ita, kamfanin waya ya cire kuɗinsa tun kafin a buɗe shafin farko, shi ba ya jin "don Allah". Cajin da wayar ta sha, in babu wuta a gida, an biya mai janareto a bakin titi. In fim ne, an je rumfar masu turawa an miƙa kuɗi an cika memori. In littafin ne aka karanta da baki aka ɗora a YouTube, mai tashar yana jiran kuɗin tallarsa a ƙarshen wata. Kowa da ke kan layin nan ya karɓi nasa daidai. Mutum ɗaya tak aka ce ya yi don Allah: wadda ta kwashe wata huɗu ko biyar tana danna labarin da babban yatsa a kan waya, bayan yara sun yi barci, idonta na ruwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan ɗabi'a ba a garuruwanmu aka haife ta ba, kuma ya kamata mu san inda ta fito, saboda masu kare ta a wurinmu hujjojin da aka riga aka gwada a can suke arowa. A 1999 wani ɗalibi ɗan shekara 18 a Amurka, Shawn Fanning, ya fito da manhajar Napster. Dabarar mai sauƙi ce: waƙoƙin suna zaune a kwamfutocin jama'a, kamfanin kuwa rajista kawai ya riƙe ta wa ke da me. Ka rubuta sunan waƙa, a haɗa ka da wani da ba ka taɓa gani ba a wani gari, ka ja ta kai tsaye daga kwamfutarsa. Cikin ƙanƙanin lokaci miliyoyin mutane suka shiga. Mawaƙan Metallica suka kai ƙara a 2000, kamfanonin waƙa ma suka kai tasu, kuma a watan Yulin 2001 aka rufe hanyar. Rajistar nan ita ce lagon Napster, domin tana da ofis da adireshi, wato akwai wuyan da kotu za ta shaƙe.

A cikin wannan watan na Yuli ne wani mai suna Bram Cohen ya saki BitTorrent, wanda ya toshe wannan ɓarakar. Shi a nasa tsarin ana yanka fayil gunduwa-gunduwa, ɗaruruwa ko dubbai. Kana karɓar wannan gunduwa daga wani a Jamus, waccan daga wani a Indiya, kuma a daidai lokacin kai ma kana miƙa waɗanda suka riga suka iso hannunka ga wasu. A ƙarshe manhajar ta harhaɗa su fim ya cika. Yawan masu nema ƙara wa abin sauri yake yi, kamar rijiyar da ruwanta ke ƙaruwa in masu guga sun yi yawa. Fasaha ce mai kyau ƙwarai, ba ni da rigima da ita. Da ita ake rarraba manhajar Linux, kuma rumbun Internet Archive yana raba dubban tsofaffin littattafai da fina-finai ta wannan hanya da halaccinsa. Amma da ita ne kuma shafin The Pirate Bay, wanda aka kafa a Suwidin a 2003, ya zama babbar kasuwar kayan da ba a biya ba. 'Yan sanda sun kai masa samame a 2006, bayan kwana uku ya dawo. A 2009 kotu ta yanke wa mutum huɗu da ke bayansa ɗaurin shekara guda-guda da diyyar kuɗin Suwidin miliyan 30. Shafin bai mutu ba.

Akwai wani abu a cikin BitTorrent da nake so mai karatu ya riƙe. An gina manhajar ne yadda za ta fifita mai bayarwa: wanda ke miƙa wa wasu, shi ake fi saurin miƙa wa. Wanda ya gama saukewa ya bar kwamfutarsa a buɗe don wasu su ɗiba, sunan mai shuka iri suke kiransa da shi. Wanda kuwa ya cika cikinsa ya kashe na'ura ya gudu, sunan matsattsaku suka ba shi, wannan halittar ruwa da ke maƙale wa ƙafa ta sha jini ta faɗi. A wasu rufaffun zaurukansu ma ana auna abin da ka bayar da abin da ka karɓa, in awonka ya yi ƙasa a kore ka. Ashe su kansu masu wannan harka sun san cewa duk tsarin da kowa ke ɗiba babu mai zubawa, ƙafewa zai yi. Sun san da haƙƙin juna sarai. Sai dai da suka zo zana da'irar waɗanda ke da haƙƙi, suka bar mutum ɗaya a waje, shi ne wanda ya yi waƙar ko ya rubuta littafin.

Mu a nan ba mu jira torrent ba, don datarmu ba ta kai ba. Mun samu namu wanda ya ma fi shi dacewa da sunan hannu-da-hannu. Da farko Bluetooth ne, waya ta jingina da waya a kan benci ana jiran waƙa ɗaya ta wuce. Sai memori, sai Xender, wanda ke haɗa wayoyi biyu kai tsaye ya kwashe fim sukutum cikin minti kaɗan ba tare da an taɓa data ba. Babu rajista, babu shafi, babu wata alama a intanet da hukuma za ta bi. Sai kuma zaurukan WhatsApp da Telegram suka zo suka cire ma buƙatar a zauna a benci ɗaya.

Wanda ke son ganin ƙarshen wannan hanya ya dubi kasuwar fim ta Kano. Abin dariya, ita kanta kasuwar a kan kwafe aka gina ta. Brian Larkin, a littafinsa na 2008 mai suna Signal and Noise, ya nuna yadda 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da ke kwafar fina-finan Indiya da na Amurka a kaset su ne suka samar da injuna da dillalai da hanyoyin da fim ɗin Hausa ya bi ya kai ƙauyuka da ƙetare, bayan fitowar Turmin Danya a 1990. Amma an samu wata dabara da ta riƙe amana a lokacin. Mai fim yakan ba 'yan kasuwa kaset ɗin asali, sannan ya buga kwalaye ya sayar musu, su kuma su kwafi fim ɗin su saka a kwalin. Ribarsa a jikin kwalin take. Tsarin yana da cuta a ciki, masu fim sun sha kuka da 'yan kasuwa, amma ko ba komai akwai wani abu da ake riƙewa a hannu a ƙirga, kuma wani kaso yana komawa ga mai aikin. Fayil ba ya sa kwali. Da wayoyi masu memori suka cika gari a shekarun bayan 2010, mutum ɗaya ya sayi faifai da safe, kafin la'asar fim ɗin yana cikin kwamfutar kowane mai rumfa. Kasuwar faifai ta durƙushe, shagunan da aka sani da fim suka koma sayar da wasu kaya, mutane da yawa da ke ci a wannan sana'a suka watse.

Littafi yanzu yana kan wannan gangara, kuma nasa ya fi sauri, don fim ko ba komai yana da nauyi, littafi kuwa bai kai nauyin hoto biyu ba.

Na san amsoshin, na ji su har na haddace. Ta farko ita ce ai tun da can ana aro. Gaskiya ne. A zamanin da littattafan Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa ke tashe, littafi ɗaya yakan zaga gida goma, ga kuma shagunan haya a unguwa-unguwa, kuma marubutan lokacin ma sun koka da su. Amma mu faɗi yadda abin yake. Mai shagon haya sai ya saya kafin ya ba da haya, na unguwar gaba ma sai ya sayi nasa. In littafin yana hannun Ladidi, to Asabe sai ta jira, in ta gaji da jira ta sayi nata. Takarda tana yagewa, bango yana cirewa, miya tana zuba, yaro yana cinye shafin ƙarshe, a sake sayen wani. Aro yana da iyaka, kuma a cikin wannan iyakar marubuci ke samun na cefane. Wadda ta tura littafi a zaure ba ta rabu da nata ba, kuma ba mutum ɗaya ta ba wa ba. Ta buɗe maɗaba'a ce a cikin wayarta, tana buga kwafi ɗari biyu a daƙiƙa ɗaya, kowane kwafi kuma shi ma maɗaba'a ne. A kira wannan aro wasa da hankali ne.

Ta biyu ita ce talauci, kuma ba zan raina ta ba. Akwai wadda naira 500 ita ce kuɗin koko da ƙosan 'ya'yanta, ita kam ban da abin ce mata. Amma mu ji tsoron Allah, yawancinmu ba ita ba ne. Wanda ke sayen data duk mako don kallon TikTok har asuba bai rasa kuɗin littafi ɗaya a wata ba, bai dai saba ba ne. Sannan wa aka ce yana da kuɗin? Marubuciyar nan ba a London take ba. Kasuwar da kike zuwa ita take zuwa, mudun shinkafar da ya gagare ki ita ma ya gagare ta, wataƙila ma da kuɗin littafin take biyan kuɗin makarantar ƙannenta. In talauci hujja ce, to hujja ce a gaban mai hali. Ban ga yadda zai zama lasisin shiga aljihun talaka ɗan'uwanka ba.

Ta uku ta fi daɗin faɗa a zaure, don tana da rawani: wai ilimi ba a ɓoye shi, ba a sayar da shi. Masu wannan magana sukan tuna mana cewa kakanninmu da hannu suke kwafar littattafai, babu wanda ya nemi izinin wani. Haka ne. Amma almajirin da ya kwafi littafi da tawada da alƙalamin kara yakan kwashe makonni a duƙe, takardar ma saye ya yi, kuma al'adar masu kwafe ce su ambaci mawallafi su yi masa addu'ar rahama. Mu kuwa har sunan marubuciya ake gogewa, a liƙa sunan zaure da lambar wayar mai zauren, wani lokaci ma a sake sayar da littafin a kan rabin kuɗinsa. Kuma malamai ba su yi shiru a kan wannan ba. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Kuwait a watan Disambar 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, masu su na da ikon sarrafa su, kuma bai halatta a ta'adda a kansu ba. Akwai malaman da suka saɓa, kamar kowace mas'ala. Sai dai ban taɓa ganin wanda ya je ya bincika saɓanin kafin ya danna tura ba. Hujjar daga baya ake nemo ta, bayan an gama karanta littafin. Ballantana ma, yaushe labarin soyayyar Alhaji da 'yar aikin gidansa ya zama ilimin da ɓoye shi zunubi ne?

Malamin da ya ce a yaɗa karatunsa, a yaɗa. Ta wannan hanyar ta waya zuwa waya ce tafsirin Sheikh Ja'afar Mahmud Adam ya ci gaba da shiga gidaje shekara da shekaru bayan kisansa a 2007, har a garuruwan da bai taɓa takawa ba. Wannan alheri ne da babu mai musu. Bambancin a fili yake: mai abu ya bayar don a yaɗa. Ita kuwa wannan ta rubuta a shafin farko cewa ba ta bayar ba.

Ta huɗu: ai talla muke mata, da ba mu tura ba wa zai san ta? Wannan maganar tana da gaskiya a wurin mawaƙi. In waƙarsa ta zaga wayoyi za a gayyace shi biki, a yi masa liƙi, ɗan siyasa ya neme shi. Waƙar ta zama kamar katin gayyata, kuɗin yana wurin taro. Marubuci ba shi da dandali. Babu mai gayyatarsa kamu ko dina ya karanta babi na bakwai a yi masa ruwan kuɗi. Littafin shi ne hajar, babu wata a bayansa. Wanda ya kwashe tumatirin mai tumatir ya raba wa unguwa, sannan ya dawo ya ce mata yanzu kowa ya san tumatirinki na da kyau, ai ya san amsar da zai samu.

Ta biyar ita ce su ma ɓarayi ne: fina-finan Hausa nawa aka ɗauko labarinsu daga Indiya, marubuta nawa suka juya fim ɗin Koriya ko na Turkiyya suka ce ƙirƙirarsu ce, da wace manhaja ake tace fina-finan in ba ta sata ba? Duk akwai, kuma abin kunya ne, ranar da za mu yi magana a kansa ba zan sassauta ba. Amma ba a taɓa tambaya a zaure ko wannan littafin na asali ne ko kwafe kafin a raba shi. Mai gumin kanta da mai kwafe duk wuƙa ɗaya ake sa musu.

Kada a ɗauka ina cewa duk saukewa ɗaya ce. Ɗalibin jami'a da ke neman maƙalar bincike ya tarar an sa mata dala 30 ko 40, kuɗin da ko sisi ba zai shiga aljihun malamin da ya rubuta ta ba, sai ya bi ta Sci-Hub, shafin da Alexandra Elbakyan 'yar Kazakistan ta buɗe a 2011, ni dai ba zan ɗaga masa murya ba, ko da yake wata kotu a Amurka ta ci shafin tarar dala miliyan 15 a 2017 saboda ƙarar kamfanin Elsevier. Haka tsohon fim ko tsohuwar waƙar da babu inda ake sayar da ita, wadda in ba don wani mai rumfa ya adana ta a kwamfutarsa ba da ta ɓace. Muna bin irin waɗannan mutane godiya, tunda ba mu gina rumbun da zai yi wannan aiki ba. Tambayoyin da ke raba su guda biyu ne, kuma ba sa buƙatar lauya: mai abin nan yana sayar da shi yanzu a inda hannuna zai kai? In na biya, kuɗin zai isa gare shi? In amsa e ce sau biyu, to labarin Elsevier ba naka ba ne, kada ka fake da shi.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Marubuta da masu fim suna da nasu kason. Sayen littafin Hausa a waya wahala ce: ki tura kuɗi ta banki ko katin waya, ki ɗauki hoton shaidar biya, ki aika wa wata lamba, ki jira kwana ɗaya ko biyu kafin a sa ki a zaure, in kina Nijar ko Kamaru ko Saudiyya ma sai kin nemi mai tura miki. Satar kuwa danna ɗaya ce. Akwai waɗanda suka karɓi kuɗin mutane suka bar labari a tsakiya, wata shida babu shafi babu ban haƙuri. Akwai masu jan labarin da bai wuce shafi 40 ba har ya kai 150 don a raba shi littafi uku. Ga kuma tsinuwar da ake jerawa a saman kowane shafi, wadda ke sa wadda ta biya kuɗinta ta fara karatu da Allah ya isa kowace safiya, alhali wadda aka yi dominta ba ta ko karanta layin.

Tsoratarwa ba ta taɓa yin aiki ba, ko a wurin waɗanda suka fi mu kotu da 'yan sanda. Daga 2003 zuwa 2008 ƙungiyar kamfanonin waƙa ta Amurka ta maka dubban mutane a kotu ɗaya bayan ɗaya, har da yarinya 'yar shekara 12. Wata mata a jihar Minnesota an ci ta tarar dala 222,000 a 2007 saboda waƙa 24. Duk da haka cinikin waƙa a ƙasar ya faɗo daga dala biliyan 14 da ɗoriya a 1999 zuwa kusan rabin haka a 2014. Abin da ya juya lamarin shi ne Spotify, wanda aka buɗe a 2008, a Suwidin ɗin dai da ta haifi The Pirate Bay, kuma cikin waɗanda suka gina shi har da Ludvig Strigeus, mutumin da ya rubuta µTorrent, ɗaya daga cikin manhajojin torrent da aka fi amfani da su. Sun sa biya ya fi sata sauƙi, mutane suka biya. Ba aljanna ba ce, ƙananan mawaƙa har gobe suna kuka da ƙanƙantar abin da ke isa gare su. Mu ma Najeriya ta yi sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, wadda ta tanadi yadda za a nemi a sauke kayan sata daga intanet. Madalla. Amma wace doka ce za ta shiga tsakanin wayoyi biyu a ɗakin amarya? Dandalin sayarwa mai sauƙi muke buƙata, kuma shi ma ba ya rayuwa da iska. OkadaBooks, wanda ya yi shekara 10 yana sayar da littattafan 'yan Najeriya a waya, har da na Hausa masu yawa, ya rufe a ƙarshen 2023. Waɗanda suka rage, irin su ArewaBooks, masu biya ne za su riƙe su ko su sake su.

Abin da ya fi damuna ma ba aljihun marubuta ba ne, abin da za a riƙa rubuta mana ne. Mai sana'a yana bin inda kuɗi yake, in an toshe wannan ƙofa zai bi waccan. Da mai kallo ya daina biyan fim, fim ya koma YouTube inda mai talla ke biya gwargwadon kallo, shi ya sa labarin awa biyu ya zama zango-zango ba ƙarshe, ana zaune a falo ana maimaita magana ɗaya. Da mai sauraro ya daina sayen waƙa, mawaƙa da yawa suka koma ƙofar 'yan siyasa. A rubutu kuwa kowa ya san irin littafin da ake biya da sauri ba gardama, a rufaffen zaure, ba tare da an nemi ragi ba: na batsa. Sai mu taru muna salati, muna cewa marubutan yanzu sun lalace, ina irin su wance na da? Irin su wance suna nan. Wata ta yi bincike wata uku kafin ta rubuta labari a kan rayuwar mata a sansanin gudun hijira, mutum 60 suka biya, dubbai suka karanta, ta duba ta ga sayar da turaren wuta da atamfa a waya ya fi mata. Ba ta yi sanarwa ba, ba ta yi faɗa da kowa ba, kawai ba a sake ganin sabon littafinta ba. Turanci zai iya ɗaukar wannan asara, yana da maɗaba'u da jami'o'i da kyaututtuka da masu saye a nahiya biyar. Hausa tana da miliyoyin masu magana, amma masu sa hannu a aljihu saboda rubutu 'yan kaɗan ne, kuma daga cikin 'yan kaɗan ɗin ne ake samun wadda ke biya don ta fitar.

Ban ce ni waliyyi ba ne. Akwai fina-finai a tsohon memorina da ban san ta inda suka shigo ba, kuma na karanta littattafan da ban biya ba kafin abin ya fara damuna. Kwanakin baya dai, da irin saƙon nan ya shigo wani zaure da nake ciki, sai na yi karambani. Na rubuta cewa littafin na kuɗi ne, marubuciyar tana raye, ga tallarta ga yadda ake biya, kuma in akwai wadda da gaske ba ta da hali, ni zan biya wa mutum biyu. Zauren ya yi tsit na ɗan lokaci. Babu wadda ta ce a biya mata. Sai wata ta rubuto: "Malam, kai ne mijinta?" Aka jero fuskokin dariya. Wata ta ce a bar wa'azi a masallaci, nan wurin nishaɗi ne. Kafin sallar isha'i an ɗora littafin, shugabar zauren ta maƙale shi a sama don masu shigowa daga baya, ni kuma aka cire ni.